Rumfar leda ko ɗakin gilashi: wanne ya dace da tumatirin damina a Zariya?

Malam, ka ce kana da ɗan fili a bayan gida a Zariya, kana son noman tumatir da tattasai da kokwamba har cikin damina, lokacin da kwandon tumatir ke tsada a kasuwa. Ka rasa wanda za ka zaɓa tsakanin rumfar leda, wato bututun ƙarfe da ake lanƙwasawa a jera a lulluɓe da leda mai kauri, da ɗakin gilashi irin wanda ake gani a hotunan gonakin Turai.

Kafin a zo kan kuɗi, a fara duba abin da ya sa aka ƙirƙiro ɗakin gilashi. Manoman Holand, musamman na yankin Westland, sanyi ne matsalarsu. Rana ba ta isarsu a lokacin hunturu, shi ya sa suke son gilashi, wanda ke barin kusan kashi 90 cikin 100 na haske ya shiga, ya kuma riƙe ɗumi. Mu a nan ɗumi ne ya yi mana yawa. A watan Afrilu zafin rana a Kano da Zariya yakan kusanci digiri 40, kuma ɗakin gilashi a rufe a irin wannan rana tamkar motar da aka bari a tsakar rana da tagogi a rufe ne. Shi kuwa tumatir, da zarar zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35, dare kuma bai yi sanyi ba, furensa kan fara zubewa ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba. Sai ka ga ganye kore shar, amma babu abin ɗiba.

To me kake nema daga rufi? Abu biyu ne a ƙasarmu: ka kare shuka daga dukan ruwan sama da danshin da ke jawo ruɓewar ganye, sannan ka hana ƙwari shiga. Duk wanda ya yi noman tumatir a 2016 bai manta da tsutsar Tuta absoluta ba, wadda manoman Kano ke kira sharon. Ta cinye gonaki har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a wannan shekarar. Ga kuma farin ƙuda, mai yaɗa cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir ya yi rawaya, shukar ta tsumbure. Waɗannan ba gilashi ke tare su ba, raga ce. Raga mai lamba 50, wato mai ƙananan ramuka 50 a tsawon kowane inci, tana hana farin ƙuda wucewa, amma ka sani tana rage iskar da ke shiga, don haka sai an yalwata wurin da aka sa ta.

A nan rumfar leda ta yi wa ɗakin gilashi fintinkau. Kana iya sa leda a sama kawai, gefuna da ƙofofi duk raga, iska ta riƙa ratsawa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sayo gajeriyar rumfa irin ta lambunan Ingila, wadda ledarta ke sauka har ƙasa. An yi ta ne don tara ɗumi. Taka ta zama doguwa, gefenta ya kai mita 3, a kuma bar wata kafa a ƙololuwa da aka rufe da raga, domin iska mai zafi sama take tashi, in ta rasa mafita sai ta zauna a kan shuka. Kowane mai walda da ya iya lanƙwasa bututu zai haɗa maka ƙashinta. Ɗakin gilashi ma ana yi masa tagogi a rufi, sai dai a zafinmu sau da yawa ba sa wadatarwa sai an haɗa da fankoki da na'urar sanyaya iska da ruwa. Ga kuma halin wutar lantarki, ba sai na faɗa maka ba.

Ba wai leda ba ta da nata ciwon kan ba. Ledar da ake sayarwa a kasuwa don shanya ko rufe kaya ba za ta kai ko'ina ba, rana za ta ƙona ta ta farfashe cikin 'yan watanni. Wadda ake nema ita ce aka yi wa maganin zafin rana, mai kaurin maikiron 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita, kuma ko ita bayan shekara 3 zuwa 5 sai an sauya. Takan fara mutuwa ne daidai inda ta taɓa ƙarfe, saboda bututun na ɗaukar zafi, don haka a naɗe shi da tef ko a shafa masa farin fenti kafin a ja ledar. Magungunan feshi masu sinadarin farar wuta suna rage mata kwana, kada a riƙa fesa su a jikinta. Babban abokin gabarta kuwa iskar farkon damina ce. Ledar da ba a ja ta ta yi tsam ba, tana kaɗawa tana yagewa, rumfar da ba a kafa ƙafafunta da siminti ba kuma hadari ɗaya ya isa ya kai ta gidan maƙwabci.

Gilashi ba ya tsufa haka. In ba a fasa shi ba, zai yi shekaru da dama yana ba da haske iri ɗaya, kuma wanke ƙurar hunturu a jikinsa ya fi sauƙi. Amma yana son harsashi da ƙarfe mai nauyi, tsadarsa ta ninka ta leda nesa ba kusa ba, kuma a unguwar da yara ke buga ƙwallo ko harbin tsuntsu da danƙo, ka san sauran. Akwai tsaka-tsaki, roba mai tauri ta folikabonet, ba ta fashewa kamar gilashi, sai dai ita ma ɗumi take riƙewa. Da a Jos kake, inda tudun ƙasa ya kai kusan mita 1,200 sama da teku kuma dare ke sanyi, da na saurari maganarta.

Wani abin da ba a cika kawowa a lissafi ba shi ne ƙasar da ke ƙarƙashin rufin. In ka yi ta maimaita tumatir da tattasai a wuri guda, tsutsar saiwa da cutar da ke sa shuka yaushi farat ɗaya za su taru, tunda dangi ɗaya ne. Rumfar leda ana iya kwance ta a matsar gaba. Ɗakin gilashi inda aka kafa shi nan zai tabbata, sai dai ka koma shuka a buhu ko bokiti, kana sauya ƙasa.

In kana shakkar ko leda ta talaka ce kawai, dubi Almeriya a kudancin Sifaniya, wuri mai rana da ƙarancin ruwa. Fiye da hekta 30,000 ne a can ke rufe da leda, daga nan ake kai tumatir da kokwamba kasuwannin Turai. Idan bazara ta kama, manoman sukan shafe rufin da farar ƙasa don rage zafi, su wanke in yanayi ya sauya. Kai ma za ka iya yin haka daga Maris zuwa Mayu, ko ka shimfiɗa ragar inuwa a sama.

Ni dai shawarata rumfar leda ce mai gefen raga, kuɗin da ka rage kuma ka sa a tankin ruwa da tiyon ban ruwa na ɗigo, tunda ruwan sama ba zai taɓa shukar ba ko a Agusta. Ka yi ƙofa biyu a jere, a rufe ta waje kafin a buɗe ta ciki, domin yawancin ƙwari ta ƙofa suke bin mutum. Kuma tunda ragar da ta hana ƙwari ta hana ƙudan zuma shiga, ta kuma rage iska, da hantsi ka riƙa bi kana girgiza igiyoyin da tumatirin ya hau, don furen ya samu barbara. Kokwamba kuma ka nemi irin da aka tanada don noman rumfa, wanda ke yin 'ya'ya ba sai an yi masa barbara ba.