Gimbal ko steadicam, amsa ga ƙanwarmu mai ɗaukar biki a Makka

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina ɗaukar bikin aure ɓangaren mata a Makka, ke kaɗai ba mai taya ki, kyamararki Sony A7 III ce da lens ɗin Tamron 28-75, kuma kin rasa wanda za ki saya tsakanin gimbal ɗin DJI da wani steadicam na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, da kika gani ana sayarwa a Haraj, shafin saye da sayarwa na Saudiyya, mai falmaran da hannun ƙarfe. Ni dai in kin bi ta tawa gimbal za ki ɗauka, amma bari in baje miki su biyun ki gani da idonki don kar gobe wani ya zo ya ce miki ai manyan masu fim steadicam suke ɗaurawa ki ji kamar an cuce ki.

Aikinsu ɗaya, hana hoto girgiza, amma hanyar da kowanne yake bi daban ce kwata-kwata. Gimbal ƙananan injina uku gare shi masu aiki da batir, ɗaya yana kula da juyawa hagu da dama, ɗaya ɗaga kai da sunkuyarwa, na ukun shi ne yake hana hoton karkacewa gefe. Da hannunki ya motsa sai na'urar da ke ciki ta ji ta mayar da kyamarar inda take tun kafin ido ya lura. Shi kuwa steadicam babu inji ko ɗaya a ainihin jikinsa, nauyi ne kawai da ma'auni. Wani Ba'amurke ne Garrett Brown ya ƙirƙiro shi a 1975, kyamara a saman sanda, nauyi a ƙasa, sandar tana rataye a hannun ƙarfe mai sifirin, hannun kuma yana maƙale a falmaran ɗin da kika ɗaura a jiki. Wato a gimbal na'ura ce take miki tunani, a steadicam yatsunki ne, kuma yatsun nan sai an koya musu.

Inda steadicam ya fi, kuma ba zan ɓoye miki ba ya fi ɗin sosai, shi ne wajen tafiya. Duk taku ɗaya da mutum ya yi jikinsa yana yin sama ya yi ƙasa, to injinan gimbal guda ukun nan babu wanda aka ɗora wa wannan aikin, shi ya sa za ki ga bidiyon gimbal ba ya karkarwa amma yana ɗan lilo sama da ƙasa, da kin gani kin san tafiya ake. Sifirin ɗin hannun steadicam shi yake shanye wannan lilon, hoton ya tafi sumul. Sannan in mai riƙon gwani ne, juyawarsa tana da rai, yana farawa a hankali ya tsaya a hankali daidai inda ido yake so, gimbal kuwa in ba ki zauna kin rage masa sauri a saiti ba yakan juya a makare ko ya zarce wurin da kike nufi. Nauyin ma a ƙugu da baya yake sauka, ba a damtse ba.

To amma ki dubi wurin aikinki, a nan ne maganar take. Ni ɓangaren maza nake ɗauka a Jidda, ban shiga naku ba, amma abokan aikinmu mata suna ba mu labari kuma tsarin ƙa'a ɗin, wato zauren bikin, kusan ɗaya ne. Ana fara taruwa bayan isha'i, zaffa, wato rakiyar shigowar amarya, ba ta fitowa sai dare ya raba, kina tsaye tun farko har kusan asuba. Tebura a matse, dogayen riguna suna jan ƙasa, yara suna gilmawa ta gabanki, uwar amarya ta kira ki nan ƙanwar ango ta kira ki can a ɗauke su hoto. Steadicam yana son fili, hannun ƙarfen nan yana fitowa ta gefenki ya ci wuri, kuma ba abu ba ne da za ki ajiye a kan tebur ki juya, sai da sandar rataya ta musamman, ki sauke ki rataye ki kwance, in amarya ta taso ki sake ɗaurawa. Kafin ki gama wannan ta riga ta kai kosha, wato mazaunin amarya, ta zauna, kuma ba a cewa amarya ta koma ta sake shigowa. Gimbal kuwa ƙananan ƙafafu uku ne a gindinsa, ki buɗe ki dasa shi a ƙasa ki ɗauki wata kyamarar, ki dawo ki sure shi da hannu ɗaya.

Sai maganar nauyin kyamararki, wadda mutane da yawa suke fahimta a baibai. A7 III da batir gram 650 ce, Tamron ɗinki kusan gram 550, duka-duka kilo ɗaya da ɗan wani abu. Za ki zaci mara nauyi ta fi sauƙi a kan steadicam, to akasin haka ne, shi da nauyi yake samun natsuwa, in kyamara ta yi shafal ko ɗan taɓawa kika yi sai ta kaɗa, ko iskar esi mai ƙarfi tana iya juya ta, ƙarshenta sai kin ƙara mata ƙarafa don ta zauna, kin ga kin sayi wahala da kuɗinki. Kuma lens ɗin naki yana tsawo in kika yi zum, da ya tsawaita ma'aunin ya tashi, steadicam zai sunkuya gaba nan take, gimbal kuwa injinansa suna iya jure wannan ɗan bambancin muddin kin yi balans ɗin a tsakiya, wajen 50 a zum ɗin haka. Fokas ma haka, a steadicam ba a taɓa lens ana cikin ɗauka, masu fim suna da mutum na musamman da yake juya musu fokas daga nesa, ke kuwa ke kaɗai ce, sai dai ki dogara da na kyamara.

A cikin gimbal ɗin kuma wanne? RS 3 Mini yana ɗaukar kilo 2 kuma shi kansa bai kai kilo ɗaya ba. RS 4 yana ɗaukar kilo 3, shi kuma nauyinsa wajen kilo ɗaya da rabi ne in an haɗa komai. RS 4 Pro kilo 4.5 yake ɗauka, wannan na masu manyan kyamarori ne, ki bar shi, ba ki da abin da za ki ɗora masa. Kayanki na yanzu Mini zai ɗauke su lafiya lau kuma damtsenki zai gode miki da ƙarfe uku na dare. Amma in kina da niyyar ƙara makirfo da fitila a kai ko ki canja lens zuwa mai nauyi, RS 4 ya fi ba ki sarari, ga shi yana kulle hannayensa da kansa in kika kashe shi ya buɗe in kika kunna, abin kamar ƙarami amma a daren da za ki kunna ki kashe ba adadi za ki san amfaninsa. Kamfanin ya ce batirinsa yana kai awa 12, wannan in balans ya yi daidai ke nan. RS 3 Mini da RS 4 duka ana iya kafa kyamara a tsaye saboda masu son na Snapchat. Kamfanin Zhiyun ma suna da gimbal ɗin Weebill da Crane kuma suna aiki, in kin samu da sauƙin kuɗi ba laifi.

Abin da nake roƙonki shi ne kar ki ɗauka da kin saya shike nan hoto ya gyaru. Wallahi yawancin bidiyon gimbal da nake gani suna lilo ba laifin na'urar ba ne, ƙafa ce. Ki ɗan lanƙwasa gwiwa, ki fara sauke dunduniya sannan yatsu, taku gajeru, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, ki yi tafiya kamar kin ɗauko kwanon koko cike fal ba ki son ɗigo ya zuba. Ki gwada a zauren gida da irin takalmin da doguwar rigar da za ki sa ranar aiki, musamman tafiya da baya, don a zaffa ke ce a gaban amarya kina ja da baya, kuma ki fara bin hanyar da ƙafa tun kafin mutane su cika ki san inda matakala take da inda wayar fitila ta ratsa. Balans kuma a yi shi injin yana kashe, har sai kin saki kyamara ta tsaya duk inda kika bar ta. In kika bar wa injina su yi dakon abin da bai daidaita ba za su yi zafi, su fara rawa, batir ya zube da wuri.

Zafin garin nan ma ki sa shi a lissafi. Kar ki bar gimbal ko batir a cikin mota da rana a Makka, ko na ɗan shiga kanti ne. In kuma aiki ya kawo ki Jidda, fitowa daga sanyin esi zuwa waje lens yana yin gumi saboda laimar teku, ki ba shi ɗan lokaci ya saba kafin ki fara. Ranar da za ki je gida hutu batir a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin akwatin awo ba.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma ya fi girgiza ɓata aiki: wutar Saudiyya 60 take bugawa a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar 50. In kin kwafi saitin 'yan gida kika sa firem 25 a daƙiƙa da saurin shata 1/50, fitilun ƙa'a suna iya sa hoton ya riƙa ƙyaftawa ko ki ga layuka suna hawa. Ki koma 30 da 1/60, ko 60 da 1/125 in kina son ki rage gudun shigowar amarya wajen editin.

In duk da haka ranki yana kan wancan na Haraj ɗin saboda kina hangen shiga harkar fim nan gaba, to ki je da muharraminki da kyamararki ku gwada kafin ki biya. Ki fara duba sunan da ke jiki, ainihin Steadicam na kamfanin Tiffen ne, da yawa da ake kira da sunan Glidecam ne ko Flycam, farashinsu ba ɗaya ba. Ki ɗaura falmaran ɗin ki ji ko ya zauna miki a ƙugu da kafaɗa, don in ya yi miki yawa bayanki ne zai biya. Ki juya sandar ki saurara ko akwai ƙara ko inda take cijewa, sannan ki kwantar da ita ki saki, ya kamata ta ɗauki daƙiƙa 2 zuwa 3 kafin ta miƙe tsaye. Gimbal na hannu ma in shi kika samu haka za ki yi, ki ɗora kyamararki ki bar shi a kunne kamar minti 20 ki taɓa injinan ki ji ko sun yi zafi fiye da kima, in mai shi ya ƙi yarda a gwada ki kama gabanki.