Kabad ɗin kicin: a sake masa fenti, a canza ƙofofi, ko a cire shi gaba ɗaya?

Kafin ka kira mai fenti ko kafinta, ka buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ka kwashe duk abin da ke ciki, ka haska da tocila. Yawancin mutane ƙofofi suke kallo, don su ido ya fi gani: fenti ya koɗe, maiƙo ya manne a kusa da murhu, mariƙi ya yi lako-lako. Amma ƙofa ita ce mafi sauƙin gyara a duk kayan. Abin da zai raba gardama shi ne jikin kabad ɗin, wato akwatin da ƙofofin ke rataye a kansa, da gefunansa da ƙasansa da bayansa.

Ka danna ƙasan da babban yatsa, sannan ka sa bakin sukuddireba a kusurwa ka ɗan tura. Idan allon ya tsaya da ƙarfinsa, kana da abin gyarawa. Idan ya lotsa, ko ya kumbura, ko yana marmashewa, labari ya sha bamban. Ka duba alamar gara, wato siririyar hanyar ƙasa a bayan kabad, ko katakon da in an ƙwanƙwasa sai a ji kamar ba komai a ciki. Ƙananan huji masu zubar da gari kuwa aikin ƙwaro mai cin katako ne. Baƙar fumfuna da warin laima suna nuna akwai ruwan da ke yoyo, kuma ko me ka zaɓa, bututun nan za a fara gyarawa, in ba haka ba sabon ma ruɓewa zai yi.

Sai ka san da me aka yi shi. Ka zaro durowa ɗaya, ko ka leƙa inda aka huda wa bututu hanya, ka dubi bakin allon. Idan ka ga layi-layi, filawud ne: siraran katako da aka jera aka manne da gam, zaren kowane ɗaya ya gitta na ƙasansa, shi ya sa yake riƙe kusa, yake jure danshi. Idan sumul yake babu zare, MDF ne, wato allon garin katako da aka matse da gam, wanda ke karɓar fenti da kyau amma bakinsa na shan ruwa. Idan ɓarɓashi ka gani, cifbod ne, kuma shi ne mafi rauni. Da zarar ruwa ya shige shi ya kumbura, ko ya bushe ba zai koma yadda yake ba, kusar da ta kwance a cikinsa kuma da wuya ta sake kamawa. Wanda kuwa ya gaji kabad na katakon asali, kada ya yi gaggawar zubar da shi, da tsohuwar zuma ake magani. Sau da yawa sabon da zai saya ba zai kai shi ƙarfi ba.

Idan jikin lafiya lau yake, sake fenti ko banish shi ne hanya mafi arha, amma a nan ne aka fi yin aikin ganin ido. Shafa fentin kansa ƙaramin aiki ne. Babban aikin shi ne abin da ke gabansa. Za a cire ƙofofi da durowoyi, a sa wa kowace lamba don a san gurbinta, a kwance hinji da mariƙi. Za a wanke maiƙon girki tas da sinadarin da ke narkar da shi, domin fenti ba ya kama maiƙo, ko an goge da sanfefa ƙara baza maiƙon kawai za a yi. Bayan ya bushe a goge da sanfefa mai lamba 120 zuwa 180, a cike ramuka, a shafa fentin share fage, a sake gogewa da mai lamba 220, sannan a yi shafi biyu marasa kauri. Feshi ya fi buroshi fitar da santsi. Duk mai fentin da ya ce zai gama a yini ɗaya ba tare da cire ƙofofi ba, ni dai ba zan ba shi aikin ba, don cikin 'yan watanni fentin zai fara ɓarewa a kusa da mariƙi. Kuma bushewa daban, ƙanƙamewa daban: fentin da ake sirkawa da ruwa yakan kai mako uku zuwa huɗu kafin ya yi taurinsa na ƙarshe, a wannan tsakanin sai an lallaɓa shi.

Akwai abu biyu da za a kiyaye. Ƙofar da aka lulluɓe da siririn katako na ado, kaurin lulluɓin yakan gaza milimita ɗaya, in aka matsa sanfefa sai a huda shi. Na biyu ya shafi lafiya. Tsohon fenti na iya ƙunsar dalma. Amurka ta hana amfani da irinsa a gidaje tun 1978, wasu ƙasashe kuwa sun daɗe bayan haka ana sayar da shi. Ƙurarsa guba ce, musamman ga yara da masu juna biyu, don haka a gwada tsohon fenti kafin a goge shi a bushe.

Ba kowace ƙofa ce ta cancanci fenti ba. Wadda aka lulluɓe da ledar PVC, idan zafin murhu ko tururi ya fara ɗaga ledar, to ta gama. Fomika da melamin, wato lulluɓi mai tauri da santsi da ake manna wa allo, suna karɓar fenti, amma sai da share fage na musamman mai kama santsi. A irin wannan hali akwai hanya ta tsakiya da mutane da yawa ba sa tunawa da ita, kuma a ganina ita ta fi dacewa da yawancin kicin: a bar jikin, a yi sababbin ƙofofi da fuskokin durowa, a lulluɓe gefunan da ake gani su dace da su. Kicin zai fito kamar sabo, ba a taɓa kantar da ake aiki a kai ba, ba a taɓa famfo ba. Ɓoyayyen hinji na zamani galibi raminsa milimita 35 ne, saboda haka samun madadinsa ba wuya, har da mai rufewa a hankali irin na kamfanin Blum ko Hettich. A canza layin da durowa ke zamewa a kai a lokaci guda. Sharaɗin dai shi ne jikin ya kasance a miƙe, domin sabuwar ƙofa a kan karkataccen akwati ba za ta taɓa rufuwa daidai ba.

Cirewa gaba ɗaya na da dalilai biyu. Ko dai jikin ya lalace a wurare da yawa, ko kuma tsarin kicin ɗin ne ke damunka: murhu ya yi nisa da wurin wanke-wanke, ba wurin yanka, kanta ta yi gajarta har baya na ciwo. Fenti ba ya maganin wannan. Idan kuma akwati ɗaya ne kawai ya ruɓe, kafinta zai iya sake shi kaɗai.

Kuɗin sabon kabad ba a kan kabad ɗin yake tsayawa ba, wannan ne ke ba mutane mamaki. Kantar dutse na iya tsagewa wajen ɗagawa, musamman ta gefen ramin wanke-wanke inda ta fi siranta. Tayil ɗin bango na iya fashewa. Wani lokaci a tarar ba a shimfiɗa tayil a ƙarƙashin tsohon kabad ba, in sabon bai zauna daidai a gurbinsa ba sai daɓen ya fito fili. Ga mai gyaran famfo, ga mai lantarki, ga kwanakin da gida zai yi ba kicin. Ka sa a rubuta maka duk waɗannan a takardar kimanta aiki kafin ka kwatanta da kuɗin gyara.

In ka tsai da shawarar saye, ka fi yin tambaya a kan abin da ba a gani. Jikin ya zama allo mai kaurin milimita 18, na ƙarƙashin wurin wanke-wanke kuma filawud ko allo mai jure danshi. A rufe bakin kowane allo, har wanda ke fuskantar bango. Kabad ya tsaya a kan ƙafafu na santimita 10 zuwa 15 don ruwan goge ƙasa kada ya taɓa shi, tsayin kanta kuma wajen santimita 90, a ƙara ko a rage gwargwadon tsawon mai girki. Allon da aka matse da gam na fitar da sinadarin fomaldehaid, don haka a nemi mai alamar E1, wadda ke nuna ba ya fitar da shi da yawa, ko wanda ya fi shi ƙarancin sinadarin. Ka ja durowa har ƙarshe, ka danna ƙasanta da tafin hannu, ka ga ko za ta ɗauki nauyin tukwane.