Gwajin bitamin D kafin ɗaukar ciki: abin da na tarar a wani asibitin kuɗi a Gombe

Bayan ɓari na uku, wanda ya zo mini a wata na biyu kamar sauran, sai maigidana ya ce kada mu sake neman haihuwa sai an bincika lafiyata sosai. Haka muka je wani asibitin kuɗi a cikin garin Gombe da ke da sashen duba mata kafin su ɗauki ciki.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne yadda likitar ta zauna da mu, ba tare da gaggawa ba, ta tambayi tarihin kowane ciki, watan da ya zube da kuma ko an yi mini wankin ciki. Ta bayyana cewa kusan rabin ɓarin farkon ciki yana faruwa ne saboda tangarɗa a ƙwayoyin halittar ɗan tayi, abin da ba laifin uwa ba ne, sannan ta rubuta hoton mahaifa, gwajin suga, gwajin tayirod (wani ƙullutu a gaban wuya mai fitar da sinadaran da ke daidaita aikin jiki), da na wata cuta mai sa jini daskarewa. Gwajin bitamin D shi ne na ƙarshe a takardar.

Na yi mamaki, domin a ganina wadda ke zaune a Gombe ba za ta rasa rana ba. Likitar ta ce, "Hajiya, ranar tana waje, ke kuwa kina ɗaka." Fata ce ke haɗa wannan sinadari idan rana ta taɓa ta, baƙar fata kuma tana buƙatar lokaci fiye da fara, ga shi yawancinmu muna wuni a inuwa, idan mun fita kuma a rufe muke. Sakamakona ya nuna 14, alhali ƙasa da 20 ana ɗaukarsa ƙaranci, 30 zuwa sama kuma isasshe.

A nan ne na ga gaskiyarta. Ta ambaci wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda aka yi a Amurka kan mata kusan 1,200 da suka taɓa yin ɓari sau ɗaya ko biyu, inda aka ga cewa waɗanda ke da isasshen bitamin D tun kafin ciki sun fi samun haihuwa da kashi 15 cikin ɗari. Sai dai ta jaddada cewa binciken ya nuna alaƙa ce kawai, bai tabbatar da cewa shan ƙwayar zai hana ɓari ba, don haka ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta kuma gargaɗe ni kada in saya a kemis in riƙa sha barkatai, domin yana taruwa a jiki, idan ya yi yawa kuma yana iya cutar da ƙoda.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Ba a faɗa mana tun farko cewa sai an tura jinin wani gari ba, sai da muka yi sati biyu muna kira kafin sakamako ya iso, kuɗin wannan gwajin kuma ya fi na sauran nesa ba kusa ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wurin jira, inda aka haɗa ni benci ɗaya da masu zuwa awo, kowacce da katinta a hannu tana zancen watan haihuwarta. Ware rana ɗaya a sati ga irinmu ba zai gagari asibitin ba.

Duk da haka zan tura 'yar'uwata can saboda wannan likitar. Yanzu ina shan abin da ta rubuta tare da folik asid (wani bitamin da ake ba masu neman ciki da masu ciki), ina cin ƙwai da kifi mai maiƙo, ina kuma zama a tsakar gida da hantsi. Bayan wata uku za a sake auna jinin.