Bulon 150 a kan tsohuwar Honda CG125

Faɗin fistin CG125 milimita 56.5 ne, na wannan bulo (silindar da fistin ke motsi a ciki) kuma 62, shi ya sa girman injin ke komawa kusan cc 150. Ƙarfin ya fi fitowa a yashin hanyoyin Gumel da Maigatari, musamman da buhun gero a baya. Gudu kam, ƙarin kaɗan ne.

Kafin ka biya, bakanike ya gwada zaman bulon a kan injin, don wani injin sai an faɗaɗa bakin da bulon ke shiga. Sa kafireta PZ27. In ka bar tsohuwar, mai ba ya isa, injin ya ɗau zafi, filogi ya yi fari fat. A lallaɓa injin kilomita 500 na farko, sannan a juye baƙin mai. Salansa mai ƙara kuwa, ado ce kawai da tayar da maƙwabta.