Rumbun gas na kashin shanu: wanne zai jure sanyin Jos?

Tsadar tukunyar gas da buhun gawayi ta sa masu kiwo da masu lambu a Jos da Bukuru suna ta tambayar rumbun da ake zuba wa kashin shanu ya ba da wutar girki. Abin yana aiki. Kashin ne ke ruɓewa a inda iska ba ta shiga, ya fitar da gas wanda fiye da rabinsa iskar metan ce, ita ce ke kamawa da wuta. Ita ce kuma ke tashi a banza daga tulin kashi a kara da mayanka, kuma a cikin shekara 20 ɗumamar da take yi wa duniya ta ninka ta iskar kabon kusan sau 80.

Gwamnati na goyon bayan abin. A 2021 Najeriya ta shiga alƙawarin da ƙasashe suka ɗauka a Glasgow na rage metan da kashi 30 cikin 100 kafin 2030, Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar sauyin yanayi a Nuwamban shekarar, sannan a 2024 majalisar zartarwa ta amince da manufar girki mai tsafta. Wannan alheri ne, amma lissafinka ka yi shi da kuɗin aljihunka. In mai sayarwa ya ce maka akwai tallafi, ya nuna takarda da ofishin da zai biya.

Kafin ka duba rumbu, duba garkenka. Kilo ɗaya na ɗanyen kashin saniya yana ba da gas kamar lita 40. Gida mai mutum biyar ko shida yana cin lita 1,500 zuwa 2,000 a girkin yini, wato kashi kilo 40 zuwa 50 kullum, na shanu huɗu ko biyar da ke ɗaure. In suna fita kiwo da rana, na dare kawai za ka kwashe. Kuma kowane bokitin kashi sai an dama shi da bokitin ruwa, jarka biyu ke nan kullum, har da watan Maris da rijiyoyi ke ƙafewa. Wanda ba shi da waɗannan biyun ya dakata tukuna.

Rumbu mafi araha shi ne na leda ko tampol, doguwar jaka da ake shimfiɗawa a rami, ko irin na kamfani da ake haɗawa a tsakar gida a yini ɗaya. Ya dace da ɗan haya, don ana iya kwance shi a tafi da shi. Matsalarsa a nan sanyi ne. Jos tana bisa tudun da ya kai mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu awon sanyi da dare yakan sauko kusa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, alhali ƙananan ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da kashin sun fi son digiri 30 zuwa 37. Da ya yi ƙasa da 20 sai aikinsu ya ja baya. Jakar da ke fili takan huce da dare, uwargida ta kunna murhu da asuba ta ga wutar ta yi ƙasa, a daidai lokacin da yara ke jiran ruwan zafi. In dole shi za ka saya, yi masa rumfar farar leda ta riƙe zafin rana, ka kuma katange shi daga awaki da ɓeraye.

Akwai mai gangar ƙarfe da aka fi sani a Indiya, gangar tana tashi in gas ya taru, tana sauka in an yi girki, da ido za ka san abin da ya rage. Sai dai ƙarfen na tsatsa, sai an bi shi da fenti duk shekara, kuma ta nan zafi ke tserewa da dare. Ban ga dalilin zaɓarsa a Jos ba.

Ni dai ga mai gidan kansa, ginannen rumbun ƙarƙashin ƙasa mai rufin ƙubba, irin wanda ya yaɗu a Sin, shi na fi yarda da shi. Ƙasa ce bargonsa, sanyin dare ba ya ratsa shi sosai, ba abin da ke tsatsa, kuma yakan haura shekara 20 in an gina shi da kyau. Kuɗinsa ya fi yawa, kuma a unguwannin da dutse ke kusa haƙan ramin kaɗai zai ci kuɗi, don haka a gwada wurin da diga kafin a sayi siminti. A sanyinmu kashin na bukatar kwana 50 zuwa 60 a ciki, saboda haka a gina shi ya ɗan fi na ƙasar zafi girma. Rayuwarsa duk tana hannun birkila. Tsaga kamar silin gashi a cikin ƙubbar ta isa gas ya riƙa zurarewa, ka yi asarar kuɗinka, metan ɗin da aka so a ƙona kuma ta koma sama. Kada ka ba wanda bai taɓa yi ba. Ka ce ya kai ka gidan da ya gina wa, wanda ya ga hunturu biyu, ka sa matar gidan ta kunna murhu a gabanka. Wutar kirki shuɗiya ce, ba ta baƙanta gindin tukunya. Kada ka cika masa kuɗi sai an gwada rumbun da iska an ga ya riƙe.

Kowanne ka ɗauka, ka tambaya ko farashin ya haɗa da murhu, domin na tukunyar gas ba ya ci da wannan sai an buɗe masa ƙofar gas, kuma gas ɗin rumbu ba a ɗura shi a tukunyar gas. A sa matarar ruwa a bututu, da matacin garin ƙarfe mai kama warin ruɓaɓɓen ƙwai. Masu gidan kaji su gauraya kashin kajin da na shanu, shi kaɗai yana da ƙarfi har ya kashe ƙwayoyin. Ruwan sabulu da na maganin feshi kada su shiga.

Takin da ke fitowa ta ɗaya ɓangaren ma ka sa shi a lissafi. Mai noman dankalin turawa ko kabeji da gonarsa ke kusa da gida zai rage sayen takin zamani. In gonar da nisa, ka tanadi ramin da za ka shanya shi kafin ka ɗauka.