Wandon tattara na Miyake ko jins mai fenti na Margiela?

Ƙanina, tunda kuɗin guda ɗaya gare ka, ɗauki na Issey Miyake, kamfanin tufafin nan na Japan, ka huta.

Nawa baƙi ne, Homme Plissé, layin maza da suka fito da shi a 2013. Na hannu na saya, yau shekara biyar ke nan. Yadin foliyesta ne, ana ɗinka wandon da girma sosai tukuna, sannan a matse shi a injin zafi, tattarar ta zauna daram. Shi ya sa shi da guga ba sa ga maciji. Ranar da na fara ba da shi wanki, na tarar mai guga ya shimfiɗa shi yana hura dutsen gawayi, wai zai miƙar min da yamutsin. Da kyar na ƙwace! Tun ranar ni ke wanke abina da ruwan sanyi, in shanya a inuwa, in naɗe shi kamar tabarma.

Ya tsufa, ba na musu. Tattarar gwiwa da ta mazauni ta ɗan kwanta, akwai kuma 'yar huda a cinya, tartsatsin wuta ne wajen mai tsire a Wuse. Roba ce, da wuta ta taɓa sai ta narke, don haka ka kiyayi salansar acaɓa. Amma baƙin bai koɗe ba, ƙurar hunturu kuwa kakkaɓewa kawai nake yi. Zafin Maris da Afrilu dai za ka ji shi a jikinka.

Na Margiela, kamfanin tufafi na Faris, da gangan ake shafa masa farin fentin don ya tsattsage, yadin ƙasa ya riƙa leƙowa. A Faris gwaninta ce. A Abuja jar ƙasa za ta shige cikin tsagun, ka je ɗaurin aure wani ya tambaye ka nawa kake fentin ɗaki.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallar "na asali" a Instagram. Na jabu ya yi yawa, wanki uku tattarar ta baje. Ka ce a ɗauko maka hoton takardar da ke ɗinke a ciki da na bakin ƙafa. Wanda ya ce sai ka tura kuɗi kafin ka taɓa kaya, bar masa abinsa.