Ɗanyar gahawar Mambila da ake sayarwa a Sabon Gari

A kasuwar Sabon Gari akwai wani shagon kayan shayi da na daɗe ina sayen citta da kanumfari a cikinsa, kuma a farkon hunturun bana ne na lura da wani buhu a kusurwa, cike da ƙwayoyi kore-kore masu ɗan launin toka. Mai shagon ya shaida mini cewa ɗanyar gahawa ce da ake kawo masa daga Gembu, can kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, inda tudun ƙasar ya kai kimanin mita 1,600 kuma sanyin wurin ya dace da irin da ake kira Arabika. Yawancinmu a Zariya ba mu san wata gahawa ba sai garin gwangwani da mai shayi ke kaɗawa a ruwan zafi, wanda akasari daga Robusta ake yin sa, irin da ya fi ɗaci kuma ya kusan ninka Arabika wajen sinadarin da ke hana barci. Na sayi kilo ɗaya na ɗanyar, na haɗa da ƙaramar leda ta soyayya wadda shagon ke sayarwa, domin in gwada su duka.

Soyayyar ba ta gamsar da ni ba. Ƙwayoyin sun yi baƙi ƙirin, maiƙo ya fito musu, an ƙulle su a farar leda a inda rana ke bugu, kuma babu kwanan watan suya a jiki. Da na koma na ce, "Alhaji, yaushe aka soya wannan?" sai ya amsa da gaskiyarsa, "Malam, tun kafin a cire amfanin gona." Ƙamshin gahawa yana fara gushewa cikin 'yan makonni bayan suya, saboda haka ban yi mamaki ba da na ji ɗanɗanon gawayi kawai a bakina.

Ɗanyar kuwa labarinta daban ne, ko da yake tana bukatar tsinta kamar yadda ake tsintar wake. Da na baza ta a faifai na fitar da tsakuwa uku, da fasassun ƙwayoyi, da waɗanda ƙwari suka huda, har suka cika tafin hannuna. Wannan aiki wajibi ne, domin ruɓaɓɓiyar ƙwaya ɗaya tana iya ɓata kofi guda.

A tsakar gida na yi suyar saboda hayaƙi, da kaskon ƙarfe mai kauri a kan kurfoti, gram 250 a kowane zubi. Karon farko wuta ta yi yawa, bayan ƙwayoyin ya ƙone alhali cikinsu bai nuna ba. A karo na biyu na rage gawayi, na riƙa juyawa da cokalin katako ba tare da tsayawa ba, kuma a nan ne na ga abin da ya sa nake rubuta wannan. Launin ya tashi daga kore zuwa rawaya, ƙamshin ciyawa ya koma irin na gyaɗar da ake soyawa, sannan ƙwayoyin suka zama ruwan ƙasa suka ɗan kumbura. Wajen minti na 10 suka fara fashewa ɗaya bayan ɗaya da ƙara irin ta gugguru, wadda ke faruwa idan zafinsu ya kai kusan digiri 196 kuma tururin da ke ciki ya tsaga su. Akwai fashewa ta biyu a wajen digiri 224, mai siririyar ƙara, kuma daga nan ne maiƙo ke fitowa, ɗaci ya danne sauran ɗanɗano. Ni na sauke minti biyu bayan ta farko, na juye a faifai na bakace, iskar hunturu ta kwashe ƙaiƙayin ta kuma huce su nan take, abin da ke da muhimmanci domin gahawa mai zafi tana ci gaba da soyuwa ko bayan an sauke ta. Da na auna, gram 250 ya koma 210.

Na zuba ta a kwalba na bar ta kwana uku domin iskar da suya ta tara a cikinta ta fita. Na daka a sabon ƙaramin turmi, tun da uwargida ta gargaɗe ni cewa na yaji ba ya rabuwa da ƙamshin barkono da daddawa. Na jiƙa gram 15 a ruwa mililita 250 wanda ya huta minti ɗaya bayan tafasa, na jira minti huɗu, na tace da farin ƙyalle.

Ban sa sukari ba, kuma ban nemi shi ba. Akwai ɗan tsami mai daɗi a farkon kurɓa, kamar na kunun tsamiya da aka sassauta, sai wani zaƙi-zaƙi irin na busasshen dabino da ya zauna a harshe bayan an haɗiye, kuma yana ƙara fitowa yayin da kofin ke hucewa. Zubi na uku na bar shi ya kusa fashewa ta biyu, tsamin ya ɓace, ya kuma fi karɓar madara. Shi ne Yaya ya fi so, har ya ce in jefa masa citta a ciki.

Duk mai haƙurin tsinta da tsayuwa a kan kasko na kwatan awa, ina ba shi shawarar ya sayi ɗanyar, ya bar soyayyar. Na roƙi Alhaji ya riƙa soya kaɗan-kaɗan, ya rubuta ranar suya a jikin leda, ya kuma janye ta daga rana. Ya ce zai fara da buhun da ke tafe daga Gembu, ni kuma na riga na ce ya ajiye mini kilo biyu daga ciki.